Yanda ake kiwon tarantula a gida ba tare da ka kashe ta da kulawa ba

Toh jama'a, wannan ƙaton gizo-gizon mai gashi da kuke gani a bidiyo ana ajiyewa cikin akwatin gilashi, shi ake kira tarantula, kuma eh, kiwonta ake yi kamar yanda wani ke kiwon tattabaru ko zomo. Na san wani zai ce wai me ya yi zafi, ga kaza ga akuya mutum ya rasa abun kiwo sai gizo. Kowa dai da abinda ke burge shi. Amma in har ka yanke shawara zaka ajiye ta, abu na farko da zaka saka a ranka shine wannan halittar bata san ka ba, bazata taɓa sanin ka ba, bata son a ɗauke ta, bata son a shafa ta, kuma mafi yawan waɗanda ke mutuwa a hannun sabbin masu kiwo ba yunwa ke kashe su ba, yawan taɓe-taɓe ne da yawan gyare-gyaren da ba'a buƙata.

Ka fara sanin jikinta tukunna, don duk dokokin kiwon daga nan suka fito. Ƙafafu takwas gareta, sai wasu gajeru guda biyu a gaba kusa da baki masu kama da ƙafa amma ba ƙafa bane, da su take riƙe abinci tana juya shi. Tana da fiƙa biyu da ke sara daga sama zuwa ƙasa. Idanu takwas ne a cunkushe waje ɗaya a saman kai amma ganin nata ba wani na kirki bane, haske da duhu kawai take bambancewa sosai, da gashin jikinta take jin motsi, ko gyare ne ya taka ƙasa a nesa da ita zata ji. Bata haɗiye abu mai tauri, in ta sari abu sai ta zuba masa wani ruwa da ke narkar da naman ciki sannan ta tsotse, ta dunƙule ragowar ta kai gefe ta ajiye. Numfashi kuma ta ƙasan ciki take yi, akwai wasu huhu guda huɗu a wajen masu shafi-shafi. Cikin nan nata, wato ƙullutun baya, shine wajen rauninta, fatarsa bata da kauri ko kaɗan, in ta faɗo daga hannunka zuwa siminti to kamar ɗanyen ƙwai ne ya suɓuce maka, fashewa zai yi kuma da wuya ta tashi. Shi yasa nake cewa masu ɗaukarta suna yawo da ita a kafaɗa don hoto, ita suke sakawa a haɗari ba kansu ba.

Wace iri zaka fara da ita

Nan ne mutane ke tafka kuskure tun kafin a je ko'ina. Ire-iren tarantula sun haura 1,000, kuma masu kiwo sun raba su gida biyu. Akwai na nahiyar Amurka, daga kudancin ƙasar Amurka zuwa Meziko har Barazil da Chile, sannan akwai na Afirka da Asiya da Ostareliya. Na ɓangaren Amurka yawancinsu masu sanyin hali ne, dafinsu ga lafiyayyen mutum bai wuce harbin ƙudan zuma ba, makaminsu na farko wani gashi ne mai ƙaiƙayi a bayan ciki, in ka dame su sai su sa ƙafar baya su kaɗe maka shi. Na Afirka da Asiya basu da wannan gashin sam, don haka abinda suka sani shine gudu da sara, ga sauri kamar me, ga dafi mai ƙarfi da ke sa ciwon jijiya da murɗewar tsoka na kwanaki, wani lokacin har makonni.

Abun takaicin shine waɗanda suka fi kusa da mu su ne suka fi rashin mutunci. Heteroscodra maculata da ake samu a Togo da Ghana, fara-fara mai zane, kyakkyawa ce wallahi, amma kafin ka ƙifta ido ta bi hantsakin da kake riƙe da shi ta hau hannunka. Stromatopelma calceatum ita ma ta nan Afirka ta Yamma ce, a bishiya take zama musamman kan kwakwar manja, kuma tana cikin waɗanda masu kiwo suka fi tsoron sararsu. Hysterocrates gigas ta Kamaru kuwa rami take haƙawa mai zurfi ta shige, sai ka yi wata baka ganta ba, tukunyar ƙasa kawai kake kiwo. Duk waɗannan ka bar su sai ka yi shekaru hannunka ya faɗa. Kuma don Allah kar ka je daji ka tono wata a rami kace ka samu ta banza, baka san irinta ba, baka san me ke jikinta ba.

Ga mai farawa ni Tliltocatl albopilosus nake zaɓa, wadda gashinta ke nannaɗe, asalinta Nikaraguwa da Kosta Rika, tana cin abinci ba gardama, tana jure kuskuren sabon hannu, kuma tana girma da ɗan sauri. Sai Brachypelma hamorii ta Meziko mai jan gwiwa, ita ce wadda aka fi gani a hotuna, tana zama a fili ka ganta son ranka amma tana da saurin kaɗa gashi. Grammostola pulchra ta Barazil baƙa ce wuluk mai sheƙi, ga haƙuri, sai dai girmanta a hankali yake ƙwarai. Grammostola rosea ta Chile da ita mutane da yawa suka fara a da, matsalarta kawai sai ta ga dama ta daina cin abinci na watanni ba dalili, sabon mai kiwo ya bi ya tada hankalinsa. Ita kuwa babbar cikinsu Theraphosa blondi ta dazukan Benezuwela da Guyana da arewacin Barazil, wadda nauyinta kan kai giram 170 faɗin ƙafafunta ya doshi santimita 28, kallo kawai zaka yi a bidiyo, laimar da take buƙata ba abun wasa bane kuma gashinta ya fi na kowa ƙaiƙayi.

Ka nemi wadda aka haifa a hannun masu kiwo ba wadda aka kamo a daji ba. Sannan ka sani Brachypelma na cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta sa wa ido, haka Poecilotheria na Indiya da Sirilanka da aka saka a 2019, wato tsallaka iyaka da su sai da takarda. Kar wani ya ce zai turo maka a kwali a ɓoye ka amsa.

Wani abu kuma, mace ko namiji. Macen Brachypelma tana iya wuce shekara 20 a raye, wasu har 30, namiji kuwa da zarar ya balaga saura masa shekara ɗaya ko biyu. Kaga kenan in ka sayi mace alƙawari ne mai tsawo, ka yi tunanin wa zai riƙe ta in karatu ko aiki ko aure ya ɗauke ka daga gida, don ba kowace amarya ce zata yarda a shigo mata da wannan ɗaki ba.

Gidan da zaka mata

Ba sai ka kashe kuɗi a akwatin gilashi ba, robar ajiye abinci mai haske mai murfin da ke kamawa gam ta isa. Faɗinta ya kai kamar ninki biyu zuwa uku na faɗin ƙafafun tarantular, kar ya wuce haka da yawa, fili mai yawa ba gata bane a wajenta, wahalar samun abinci kawai zai ja mata. Abinda ya fi muhimmanci shine tsayi. Irin masu zama a ƙasa ɗin nan da na lissafa wa mai farawa suna hawa bango da dare, in suka faɗo daga sama cikin ya fashe, don haka ka cika robar da ƙasa har sai tsakanin ƙasar da murfi bai wuce faɗin ƙafafunta sau ɗaya da rabi ba. Ka ɗora ƙusa a wuta ka huda ƙananan ramuka a gefe biyu da saman murfi don iska ta riƙa ratsawa, ramin kar ya kai girman kanta, don duk inda gaban jikinta ya shiga to sauran ma zai bi. Murfin raga na waya kuma ka guje shi, faratan ƙafarta na maƙalewa a ciki ta yi ta lilo har ƙafa ta cire.

Ƙasar da aka fi amfani da ita garin ɓawon kwakwa ne, ko ƙasar shuka wadda ba'a sa mata taki ko maganin ƙwari ba, ko ka haɗa biyun. Banda yashi zalla, banda tsakuwa, banda garin katako na wajen kafinta. Ka danna ta da hannu ta zauna sosai yanda in ta haƙa rami bazai rufta ba. Sai maɓoya, rabin fasasshen kasko ko ɓawon itace ka binne rabinsa ya zama kogo, ka goge kaifin bakin. Sai ɗan kwanon ruwa mara zurfi, ga ƙarama murfin robar ruwa ma ya yi. Kar ka sa soso ko auduga a ciki wai don kar ta nitse, bata nitsewa, soson ƙwayoyin cuta kawai yake tarawa. Kuma guda ɗaya a kowace roba, in ka haɗa biyu da safe ɗaya zaka tarar, ta yi ƙiba.

In ka saka ta sabon gida ka ƙyale ta kamar mako guda. Zata yi ta zagaye, ta hau bango, ta kwashe ƙasa ta zuba a kwanon ruwan da ka wanke yanzun nan, wataƙila ma ta toshe bakin kogon da ƙasa da yana ta shige ciki. Duk lafiya ne, kar ka tone.

Yanzu ga inda namu ya bambanta da na Turawan da kuke kallo, su sanyi suke yaƙi da shi, mu zafi. Tarantula tana jin daɗi a wajen digiri 22 zuwa 28. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi watan Afrilu zafi na haura 40, ɗaki mai rufin kwano da rana kuwa ba'a magana, in ka bar roba kusa da taga rana ta doke ta na awa ɗaya an gama. Ka nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ka ajiye ta ƙasa-ƙasa nesa da taga, ka ƙara zurfin ƙasar don ta samu inda zata shige, ƙasan rami ya fi sama sanyi. In zafin ya yi tsanani ka jiƙa tsumma ka yafa a gefe ɗaya na robar ba tare da ka toshe ramukan iska ba. Lokacin hunturu kuma bushewa ce matsalar, ruwan kwano na ƙafewa da wuri, ka riƙa dubawa kullum kana ɗan zuba ruwa a kusurwa ɗaya ta ƙasar ya jiƙe, sauran ya zauna a bushe. Feshin ruwa a jikinta kam a'a, tsanar shi take. Kuma roba mai jiƙe sharkaf ba iska ta fi bushewa kisa.

Sai abu biyu da ke kashe ta a gidajenmu cikin dare ɗaya. Na farko maganin sauro, ko na feshi ko na kunnawa ko fiya-fiya, duk abinda aka yi don kashe ƙwaro to ita ma zai kashe ta, kuma ba sai an fesa a kanta ba, iskar ɗakin ta isa. Dole ka faɗa wa kowa a gidan, don wata rana kana kasuwa Hajiya zata shiga ta feshe ɗakin da kyakkyawar niyya. In ka shafa wa kare ko kyanwa maganin ƙuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa kayanta. Na biyu cinnaka da kiyashi, in suka gano ragowar abinci zasu shigo ta ramukan iska su taru a kanta, musamman lokacin da take saɓa bata iya kare kanta. Ka saka ƙafafun teburin da robar ke kai cikin gwangwani mai ruwa ko ka shafa basilin zagaye da su.

Ciyarwa

Gyare, kyankyaso, fara, tsutsar dusa, duk tana ci, amma da rai take so. Sai dai ba kyankyason bayi ba kuma ba farar gona ba, don baka san wanda ya taka magani ba. Gara ka yi kiwon abincin da kanka, bokiti mai murfi da ramukan iska, ka jera kiret ɗin ƙwai a ciki, ka zuba dusa da ɗan yankan karas, su hayayyafa. Girman abincin kar ya wuce girman cikinta. Ƙarama sau biyu a mako, babba sau ɗaya a mako ko ma duk mako biyu. Ka riƙa kallon cikin, in ya fi gaban jikinta girma nesa ba kusa ba ka rage, ƙiba na sa faɗuwa kaɗan ta zama ajali.

Da dogon hantsaki zaka jefa mata, ba da yatsa ba. Ka tsaya ka kalla don nan ne daɗin kiwon yake. Gyaren zai yi ta yawonsa, ita tana zaune ƙyam ko motsi babu har ka ɗauka bacci take, yana taka zaren da ta shimfiɗa a bakin kogo sai kaji ɗan ƙas, idonka bai ma ga lokacin da ta tashi ba, ga shi nan a bakinta. Daga nan sai ta miƙe a kan ƙafafu ta ɗaga jiki sama tana juyawa a hankali tana saƙa yana a ƙasa, ta shimfiɗa tabarmar cin abinci kenan. Abinda bata ci ba cikin awa 24 ka cire shi, ragowar da ta dunƙule ma ka ɗauke kafin ya yi funfuna. In taƙi ci na wata ɗaya ko biyu amma cikin na nan a cike kuma akwai ruwa, ba komai, ka sake gwadawa bayan mako biyu.

Saɓa, inda aka fi yin asara

Ƙashinta a waje yake, don haka bata girma sai ta tuɓe tsohuwar fata gaba ɗaya. Ƙanana na yi duk bayan wasu makonni, manya kamar sau ɗaya a shekara. Alamun sune zata daina ci, ta yi nauyin jiki, launinta ya dushe, in akwai sanƙo a bayan cikin inda ta kaɗe gashi zaka ga wajen ya koma baƙi yana ƙyalli. Wata rana kawai sai ka leƙa ka ganta kwance rigingine ƙafafu a sama. Anan ne sabon mai kiwo ke salati ya ɗauko tsinke ya juya ta, ko ya kwashe ta ya zubar wai ta mutu. Bata mutu ba. Kar ka taɓa, kar ka hura mata iska, kar ka girgiza robar, in akwai gyare a ciki ka cire shi a hankali don zai iya cin ta a wannan halin. Saman gaban jikin zai buɗe kamar murfi, sai ta riƙa turo tsohuwar fatar sama kaɗan-kaɗan tana zaro ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, babba tana iya ɗaukar awanni da yawa. In ta gama zata kwanta gefen fatar tana lanƙwasa ƙafafu tana miƙewa, jikin laushi tuɓus, fiƙar fara fat. Fiƙar zata koma ja sannan baƙa, sai ta yi baƙi ƙirin zaka bata abinci, ga babba kusan mako biyu, ƙarama kamar mako ɗaya. Ruwa dai ya zama akwai. In da ta rasa ƙafa a baya zaka ga sabuwa ta fito siririya, bayan saɓa biyu ko uku ta cika.

Kwanciyar mutuwa daban take, a kife zaka ganta ƙafafu sun naɗe sun shige ƙarƙashin jiki. Dalili kuwa da matsin ruwan jiki take miƙe ƙafa, in ruwa ya ƙare a jikinta sai su lanƙwashe. In ka ga haka da wuri ka kusantar da bakinta kan kwanon ruwa, bakin kawai banda cikin don ta nan take numfashi, wani lokacin tana farfaɗowa.

Fatar da ta tuɓe kar ka yar, da ita ake gane jinsi. Ka jiƙa ta da ruwa mai ɗan sabulu ka buɗe ɓangaren ciki, tsakanin huhu biyu na gaba in ka ga wani ɗan leɓe ya ɗago to mace ce, in wajen a shafe yake namiji ne. Namijin da ya balaga ma baya ɓuya, ƙafafu sun yi tsawo jiki ya rame, gajerun hannuwan gaba sun yi dunƙule a ƙarshe, yawancin iri kuma da ƙugiya a ƙafafun gaba, ya daina damuwa da abinci sai zagaye dare da rana yana neman mace.

In ya zama dole ka matsar da ita, misali zaka sauya mata gida, ka yi a ƙasa ba kan tebur ba, ka rufe ƙofa ka toshe ƙasan ta da tsumma, ka ɗauko kofin roba mai haske ka ajiye a gabanta sannan ka taɓa ƙafar baya da buroshi mai laushi ta shiga da kanta, ka rufe da kwali. In ta ɗaga ƙafafun gaba ta buɗe fiƙa to ta ce a'a kenan, ka bari sai gobe. Kar ka kai fuskarka kusa, gashin nan a fata ƙaiƙayi ne na kwana biyu, ka manna salatif ka ɗaye ya kwashe shi sannan ka wanke, amma in ya shiga ido kar ka murza, asibitin ido kai tsaye. Sara kuma ka wanke da sabulu ka sa ƙanƙara, in ka ga kumburi na yaɗuwa ko numfashi na maka wuya ko tsoka na murɗewa ka tafi asibiti da sunan irin a rubuce, don haka tun ranar farko ka rubuta sunan a jikin robar da alƙalamin maka. Yara kuma murfi ya zama wanda basu iya buɗewa, ko ka sa ɗakin a kulle in zaka fita.